Daga Jos zuwa Tinduf: yadda ake zuwa bikin finafinan da ake yi a tsakiyar hamada

Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffi a Jos ya ji labarin majigi. Motar gwamnati ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko filin makaranta bayan isha'i, gari ya fito, yara a gaba a kan ƙasa, manya a baya. Mu da muka shigo harkar fim daga baya ba mu riski wannan ba. Sinimar Kwararafa muka tarar, sai kaset, sai faifai, yanzu kuma kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ban ga majigi da idona ba sai da na je kudu maso yammacin Aljeriya, sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke kewayen garin Tinduf, inda ake yin bikin finafinan da ake kira FiSahara. A can jikin wata babbar mota ne allon, rairayi ne kujera, sama kuwa babu rufi sai taurari.

Tunda na dawo ƙannena na lokeshin da ɗaliban makarantar koyon fim ta nan Jos suke tambayata yadda ake zuwa. Ga amsar a rubuce, daga abin da ya kamata a fara yi har zuwa komowa gida.

Ka fara sanin gidan wa za ka

Wannan shi ne mataki na farko, kuma kyauta ne. Yammacin Sahara ƙasa ce da ke bakin tekun Atilantika, tsakanin Maroko da Muritaniya. Sifaniya ce ta yi mata mulkin mallaka. Da ta janye a ƙarshen 1975 da farkon 1976, Maroko ta shigo ta arewa, Muritaniya ta kudu, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da ƙungiyar Polisario wadda aka kafa a 1973 don neman 'yanci. Dubban mutane, akasarinsu mata da yara da tsofaffi, suka tsallaka zuwa Aljeriya suka kafa tantuna a wata hamada mai tsakuwa da ko ciyawar kirki ba ta fitarwa. Muritaniya ta fita daga yaƙin a 1979. A 1991 aka tsagaita wuta bisa alkawarin za a yi ƙuri'ar raba gardama, har yau ba a yi ba, kuma a watan Nuwamba na 2020 faɗa ya sake tashi. Maroko ce ke riƙe da mafi yawan ƙasar, ta kewaye ta da ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 2,700, tana cewa yankin nata ne, abin da za ta iya bayarwa shi ne mulkin cin gashin kai a ƙarƙashin tutarta. Mutanen sansanonin kuwa sun ce sai dai a tambaye su ta hanyar ƙuri'a. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yawansu da 173,600 a wani rahoto na 2018. Akwai waɗanda aka haifa a cikin tanti a wurin, yau sun zama dattawa masu jikoki.

Sahrawi ake kiran mutanen. Najeriya ta amince da jamhuriyar da Polisario ta ayyana musu tun 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, shi ya sa suke da ofishin jakadanci a Abuja. Wannan zai yi maka amfani nan gaba.

An fara bikin a 2003, kuma masu shirya shi ba sa ɓoye cewa suna da ɓangare: suna so duniya ta tuna da mutanen da aka manta. Idan za ka je, ka je da sanin haka. Ba jan kafet ake yi ba, ba kasuwar sayar da fim ba ce, ba za ka dawo da kwangila ba. Wanda wannan yake nema gara ya tara kuɗinsa ya tafi bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, ko ya sauka Abuja lokacin bikin Zuma.

Sai wani ruɗani da ya kamata ka kauce masa. Sansanonin guda biyar ne, kowanne an raɗa masa sunan wani gari na ƙasar da aka baro: Layun, Ausard, Samara, Dakhla da Bujdur. Saboda haka Dakhla biyu ce. Akwai birnin Dakhla na bakin teku da ke hannun Maroko, shi ma yana da nasa bikin finafinan, akwai kuma sansanin Dakhla na cikin Aljeriya, mai nisan kilomita wajen 170 daga Tinduf, inda aka yi shekaru ana gudanar da FiSahara kafin a koma Ausard, inda aka yi na 2022 da na 2024. Idan ka rubuta Dakhla a intanet kana neman tikiti, na Maroko zai fito maka. Babu hanyar da za ta kai ka kai tsaye daga wannan zuwa waccan.

Gayyata kafin komai

Ba a zuwa Tinduf don kawai an ga dama. Yankin soja ne, kan iyaka, baƙo ba ya shiga sansanonin sai da sanin hukumomin Sahrawi da na Aljeriya. Don haka kada ka sayi tikiti, kada ka canza ko yuro ɗaya, sai ka yi abu biyu.

Na farko, ka shiga shafin bikin ka ga ko an sa rana. Ba shi da tsayayyen wata: a 2022 cikin Oktoba aka yi, a 2024 kuwa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Akwai kuma shekarun da ba a yi shi a hamada ba, a Madrid aka yi zaman. Da zarar an buɗe rajista ka rubuta musu, ka faɗi ko kai wane ne, abin da kake yi a fim, da ƙasar da za ka taso. Da Sifaniyanci aka fi gudanar da harkar, amma ana amsa wasiƙar Turanci. Ka tambaye su abu uku ƙarara: nawa ne kuɗin rajista kuma me ya ƙunsa, za su amince ka biyo ta Aljiyas, babban birnin Aljeriya, kuma wa zai tarbe ka a filin jirgin Tinduf.

Na biyu, ka je ofishin jakadancin Sahrawi a Abuja da ƙafarka. Zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da fasfonka, da amsar da masu bikin suka ba ka, da takarda daga inda kake aiki ko karatu, ko daga ƙungiyarku ta masu fim. Takardar gayyata daga ɓangarensu ita ce ginshiƙin neman bizar Aljeriya a irin wannan tafiya. Ka ba wa wannan mataki wata uku, in da hali huɗu.

Hanya biyu

Mafi yawan baƙi daga Madrid suke tashi, a jirgin da masu bikin ke ɗaukar shata kai tsaye zuwa Tinduf. Daɗin wannan hanya shi ne kana cikin ayari tun daga farko. Wahalarta ga mai koren fasfo ita ce bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya. Kuɗinta yuro 90 ne, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma dole ka nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, domin za ka shiga Sifaniya, ka fita zuwa Aljeriya, ka sake shigowa kafin ka kamo hanyar gida. Mai shiga sau ɗaya za ta kai ka, ba za ta dawo da kai ba. Ga kuɗin kwana a Madrid zuwa da dawowa.

Ni ta Aljiyas na bi, kuma ita nake ba ɗan Najeriya shawara idan masu bikin sun amince. Biza ɗaya ce, ta Aljeriya, daga ofishinsu na Abuja. A 2025 kamfanin Air Algérie ya buɗe layi tsakanin Aljiyas da Abuja, sai ka duba ko ranakun tashinsa sun dace da naka. Idan ba su dace ba, akwai ta Alƙahira ko ta Istanbul. Kada ka bi ta Kasabalanka ko da ta fi araha: Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko a 2021 ta kuma rufe wa jiragenta sararin samaniya, babu jirgin da ke haɗa su kai tsaye. Daga Aljiyas sai jirgin cikin gida zuwa Tinduf, wajen awa biyu da rabi, kuma yawanci cikin dare yake sauka. Ka bar tazarar kwana guda tsakanin jiragen biyu, ko don jakarka ta samu ta cim maka.

Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, wanda muke kira yalo kati, wajibi ne ga mai fitowa daga Najeriya, a ofishin lafiya na filin jirgi ake yin sa, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma. Ka yi hoton kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a waya.

Batun kuɗi kuwa, tsaba za ka riƙe. Babu na'urar cire kuɗi a sansanonin, katinka ba shi da amfani. Ka sayi yuro a Abuja, ka roƙi ƙananan takardu, na biyar da na goma da na ashirin. A Aljiyas ka canza kaɗan zuwa dinari don sayayya a kasuwa. Idan kuɗin da ke hannunka suna da kauri ka bayyana su ga kwastan lokacin shiga, ka adana takardar, kuma ka kashe dinarinka kafin ka fita don ba a yarda a fitar da shi.

Abin da za a zuba a jaka

A nan mutumin Jos yana da rinjaye a kan na Kano ko Sakkwato, don ya san sanyi. Ka tuna asubahin watan Janairu a Bukuru ko Rayfield, irin wanda ruwan alwala ke cizon yatsu. Daren hamada yana iya kaiwa haka, alhali da rana zafi ya ishe ka. Da bazara zafin wurin yana haura digiri 50, shi ya sa ba a sa bikin a tsakiyarta. Ka shiga kasuwar Katako ka samo jaket mai kauri, hular sanyi, safa, da bargo mai zif irin na masu kwana a daji. Da rana kuma kaftani marar nauyi mai dogon hannu ya fi komai. Rawani ba ado ba ne a can, kayan aiki ne. Akwai wata iska mai zafi da ƙura da suke kira irifi, idan ta taso ba ka ganin tantin da ke gabanka. Ka sayi baƙin rawani irin nasu a kasuwar sansanin ranar farko, mai masaukinka zai koya maka naɗin.

Ke kuma 'yar'uwa, lafayarki ita ce tufar matan wurin. Melfa suke ce mata, naɗin kusan ɗaya ne da na matan Barno. Ki tafi da biyu ko uku marasa nauyi.

Sauran ƙananan abubuwa: tocila, fawa-bank babba, da adafta, don soket ɗinsu mai rami biyu ne irin na Turai, ba mai uku irin namu ba. Tabarau na rana, man leɓe, man shafawa, tishu mai danshi, silifas. Magani kuma: na gudawa, hodar gishiri da sukari, farasitamol, ɗigon ido, da duk wanda kake sha kullum, a cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Abin da ba za ka ɗauka ba ya fi muhimmanci. Kada ka kuskura ka sa duron, wato ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, a jaka, ko madubin hangen nesa, ko rediyon oba-oba da muke amfani da shi a lokeshin. Kwastan na Aljeriya suna riƙe su. Manyan kayan ɗaukar fim ma suna buƙatar izini tun kafin ka taso, saboda haka ka rubuta jerin kayanka da lambobinsu ka aika wa masu bikin da wuri. Shawarata ita ce kyamara ɗaya ƙarama, lens ɗaya da ba za ka riƙa cirewa ba, batir uku, memori da yawa, da jakar leda mai zif. Ƙurar wurin ta fi ta hunturunmu laushi, duk lokacin da ka buɗe kyamara a waje ta shiga ke nan.

Sai tsaraba. A gidan mutane za ka sauka, su ciyar da kai kwana biyar ko shida, ba ka shiga hannu rabbana. Mutane ne masu son ƙamshi ƙwarai, har turare suke zuba wa baƙo a hannu idan ya shigo. Turaren wuta da humra na Maiduguri za su faranta ran uwargida fiye da yadda kake zato. Ƙara da atamfa turmi ɗaya, hular zanna ga maigida, littattafan rubutu da fensir mai launi ga yara. Ganyen shayi da sukari ka saya a can, kuɗin ya shiga hannun ɗan kasuwarsu. Kilishi kuwa ka bar shi gida, musamman idan ta Madrid za ka bi, don ba a shiga da nama Tarayyar Turai. Idan kana son kai magunguna, ka damƙa su ga asibitin sansanin ta hannun masu bikin, kada ka raba gida-gida.

Tashi da sauka

Ka bar Jos kwana ɗaya kafin ranar jirgi, da sassafe, ta Akwanga da Keffi, ka kwana a Abuja. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce idan hanya ta yi kyau, amma ba a haɗa ta da jirgin ƙasar waje a rana ɗaya.

A Tinduf kada ka ɗaga waya ko kyamara a filin jirgi, sojoji ma suna amfani da shi. Za a cike takardu, a jira. Daga nan motoci za su tafi a jere da rakiyar jami'an Aljeriya har zuwa wani shinge, inda jami'an Sahrawi za su karɓe ku. Ana iya kaiwa asuba kafin a isa. A sansanin za a kira sunaye, a raba ku rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar a kowane gida. Kowane sansani wilaya ne, wato lardi, an raba shi zuwa da'ira-da'ira, kowace da'ira kuma unguwa-unguwa. Tun a daren ka rubuta sunan da'irarka da lambar unguwa da sunan uwargidan a takarda ka sa a aljihu. Gidajen sun yi kama da juna, babu kwalta, babu allon titi, kuma da sunan mace ake gane gida.

Zaman gida

Abin da ya fi zauna mini a rai ba fim ba ne, gidan da na sauka ne. Ɗakuna ne na tubalin laka ko bulo, da babban tanti a tsakar gida wanda suke kira haima. A nan ake zama, a ci, a yi hira, a kwana a kan katifu da barguna. Ka cire takalmi a ƙofa. Gaisuwarsu doguwa ce irin tamu, ana jero tambayar lafiya da iyali da gajiya ana amsawa da "la bas" da hamdala. Larabcin Hassaniyya suke yi, amma wanda ya yi Islamiyya zai kama da yawa, kuma su ma za su fahimci Larabcinsa na littafi. Malikawa ne kamar mu. Ranar farko da na bi maigidan masallaci na ga ana sallah yadda na ga kakana yana yi, sai baƙuntar ta ragu da rabi. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu, sai dai ya dafa ƙirji, wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Za ka lura mata ne ke riƙe da ragamar sansanin. Lokacin da maza suke fagen daga su ne suka gina makarantu da asibitoci, suka tsara rabon abinci, kuma har yau a hannunsu yawancin wannan yake. Uwargidan da ta sauke mu ta kai sa'ar mahaifiyata, Inna nake ce mata, da aka fassara mata ma'anar sai ta ce to daga yau ta yi ɗa a Najeriya, kuma ɗa ba ya fita bai sha shayi ba.

Shayin nan kada ka ɗauke shi da wasa. Irin na Buzaye ne, koren ganye a ƙaramar buta a kan gawayi, ana ɗaga hannu ana zuba shi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta taru. Zagaye uku ne. Suna cewa na farko ɗaci gare shi kamar rayuwa, na biyu zaƙi kamar ƙauna, na uku laushi kamar mutuwa. Zaman yana cin awa guda ko fiye, kuma tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne. Idan akwai taron da kake son kamawa, ka faɗa tun kafin a hura gawayi. Ni dai na rasa taro biyu saboda shayi, kuma a waɗannan zaman ne na ji yadda aka baro gida a 1975 daga bakin wadda ta yi tafiyar da ƙafarta, da yadda ruwan sama na Oktoban 2015 ya narkar da ɗakunan laka a sansanonin.

Abinci kuskus ne da shinkafa da wake irin na adas, da burodi, wani lokaci naman raƙumi ko akuya. Ka sani cewa mafi yawan abin da ke tukunyar daga rabon agaji ya fito, kuma naman da aka sa maka ba kullum suke ganinsa ba. Ka ci da godiya, kada ka yi ɓarna, kada kuma ka nuna tausayi a fuska, ba sa so. Ruwa ma a ƙididdige yake, tanka ke kawowa a zuba a ma'aji. Wankan rabin bokiti ya isa, ba kuma kullum ba. Na sha kuwa ka tsaya a kan na gora.

Yini da dare

Da safe ake bita da tattaunawa: koyar da ɗaukar hoto, tace fim, rubutun labari, da zaman da masu fim daga ƙasashe daban-daban ke bayyana aikinsu. Ka nemi ɗaliban makarantar fim ta Abidin Kaid Saleh, wadda aka buɗe a 2011 a sansanin Bujdur, daga wannan biki ta samo asali. Matsalolinsu irin namu ne, ƙarancin kayan aiki, da iyayen da ba su ɗauki fim sana'a ba, da tambayar wane harshe za a yi fim da shi. Da na ba su labarin yadda aka gina kasuwar finafinan Hausa da kyamarar bidiyo da kuɗin aljihu, ba tare da jiran gwamnati ko Turawa ba, tambayoyi suka yi ta yi har aka kira azahar. Idan kana da abin koyarwa, ko na awa biyu ne, ka faɗa wa masu bikin tun kana gida.

Tsakar rana ba a fita, kowa yana cikin inuwa. Da la'asar sai filin da suke kira Lefrig, inda ake kafa tantunan gargajiya, kowace da'ira da nata, ana baje kayan saƙa da na fata, ana waƙe da kiɗan ganga, ga tseren raƙuma. Maza cikin darra'a shuɗiya ko fara, wadda ba ta da maraba da babbar rigarmu.

Bayan isha'i ake kunna majigi. Ka tafi da bargonka da tocila, ka je da wuri ka samu wuri a tsakiya, don gaba ta yara ce. Ana farawa da abin da ya dace da su, sannan na manya. Ka kasa kallonka biyu, rabi a allo, rabi a kan jama'a. Na ga fim ɗin wata ƙasa mai nisa a kan mutanen da aka kora daga gonakinsu, babu wanda ya san harshen, amma tsofaffin matan da ke kusa da ni suna ta gyaɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Mai yin fim ba ya samun irin wannan makaranta a ɗakin tacewa. Babbar kyautar bikin farar raƙuma ce. Fitattun baƙi sun sha zuwa, irin su ɗan wasan Sifaniya Javier Bardem da ya je a 2008, su ma a gidajen mutane suke kwana, a kan katifa irin taka.

Idan fim ɗinka kake son a nuna, ka tura shi lokacin da aka buɗe karɓa, da fassara a ƙasan allo. Larabci da Sifaniyanci su ne harsunan masu kallo, kuma a Jos ba za ka rasa malamin Larabcin da zai zauna da kai a kan wannan ba. Labarin ƙasa, gudun hijira, haƙƙin ɗan Adam da rayuwar mata su ne suka fi shiga. Wanda ya yi fim a kan zaman Jos bayan rikicin 2001, ko a kan sansanonin 'yan gudun hijirar Barno, yana da abin da mutanen nan za su gane tun kafin a fassara. Ka riƙe kwafi biyu a filash daban-daban.

Kyamara da iyakarta, da batun tsaro

Kada ka ɗauki kowa hoto sai ka tambaya, musamman mata da tsofaffi. Shingen jami'ai, motocin soja da gine-ginen hukuma kuwa ko tambaya kada ka yi. Mutanen nan sun gaji da baƙin da ke zuwa su ɗauki hoton yaro marar takalmi su tafi. Ka ajiye kyamarar kwana biyun farko, ka zauna, ka sha shayi, ka koyi sunaye. Hoton da za ka ɗauka a rana ta uku daban ne.

A Oktoban 2011 an sace ma'aikatan agaji uku, biyu 'yan Sifaniya da 'yar Italiya ɗaya, daga Rabuni, cibiyar mulkin sansanonin, sai a Yulin 2012 aka sako su. Tun daga nan aka tsaurara tsaro. Baƙo ba ya fita daga sansani shi kaɗai, ba ya shiga motar da ba ta masu bikin ba, da dare kuma wani daga gidan ne ke raka shi ya dawo da shi. Idan an shirya ziyara zuwa gidan tarihi na Rabuni ko asibiti, ka bi ayari. Duk wanda ya ce zai kai ka ganin ganuwar nan ka ce masa a'a, yankin cike yake da nakiyoyi, kuma tun 2020 fagen yaƙi ne. Ka sanar da iyalinka a Jos cewa waya tana iya yin kwana ɗaya ko biyu ba ta shiga, don kada hankalinsu ya tashi.

Komowa

Daren ƙarshe ake raba kyaututtuka a yi kiɗa, wani lokaci daga nan motoci ke wucewa filin jirgi, saboda haka ka haɗa kayanka tun da rana. Ka tambayi masu bikin ko kuɗin rajistarka ya haɗa da kason masu masauki. Ko ya haɗa, ka ware wani abu ka ba uwargida a keɓe, ba a gaban yara ko maƙwabta ba. Tocila da fawa-bank da ragowar magani ka bar musu. Za su ba ka tsaraba su ma, zobe ko munduwa ko melfa ta kai wa maiɗakinka, ka karɓa da hannu biyu. Kada ka yi alkawarin biza ko aiki ko kuɗin makaranta idan ba ka da tabbacin cikawa. Ka karɓi lambar WhatsApp ta wani matashi a gidan, da ita za ka aika musu hotunansu, kuma ka aika a makon farko.

A Aljiyas ka kwafe duk memorinka zuwa wuri biyu kafin ka hau jirgin Abuja. Idan ka iso Jos kada ka kunna kyamarar a wani aiki sai mai gyara ya buɗe ta ya busa ƙurar. Idan zazzaɓi ko gudawa ya biyo ka, ka faɗa wa likita inda ka fito. Sannan ka nemi farin bango a unguwarku, ka ari majigi da janareta, ka nemi izinin mai unguwa, ka sa ranar Asabar bayan isha'i. Ni a bangon makarantar firamare na yi nawa, na fara da hotunan gidan Inna da na tseren raƙuma kafin fim. Ka tanadi tabarmi fiye da yadda ka ƙiyasta, ka kuma sa wani babba ya zauna kusa da wayar wuta saboda yara.